Marfin Kwalba da Goron Gwanja

A ƙasashen Turai da Amurka akwai waɗansu mutane da ba su da abin sha'awa kamar tara marfin kwalaben lemo na dā. Suna jera shi a akwati, suna musayarsa da juna, har su saya da kuɗi. Mai gani zai ce wauta ce, abin da yara ke tsinta a bola. Amma kuwa ba wauta ba ce.

Wani Bature mai suna William Painter, mutumin birnin Baltimore, shi ya ƙago wannan marfi a shekarar 1892, watau 1309 ta Hijira. Kafin sa'an nan iskar lemo takan sulale, ya salance tun bai isa ga mai sha ba. Marfinsa na farko haƙora 24 gare shi, daga baya aka mai da su 21. A cikinsa akan shimfiɗa ɓawon wani itace da ke tsira a Andalus da Fotugal, sai wajen 1960 roba ta fara maye gurbinsa. Da wannan masu tarawa ke gane tsoho: su kife shi su duba ciki, kamar yadda mai sayen doki ke duban haƙori.

To, abin da ya shafi Hausawa yana rubuce a bayan marfin. Lemon nan Coca-Cola wani mai haɗa magunguna ne, John Pemberton, ya haɗa shi a birnin Atlanta a 1886. An sa masa suna daga abu biyu, ganyen koka da goro, domin kola shi ne goro a bakin Turawa. Goro kuwa tun kafin a haifi kakan Pemberton fataken Kano da Katsina ke tafiya Gwanja nemansa. Su ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da fatu, su yi wata da watanni bisa hanya, madugu na gaba, har kasuwar Salaga, su komo da huhun goro suna yayyafa masa ruwa kada ya bushe. Da yawa ba su komo ba. Irin itacen ya ƙetare teku a zamanin cinikin bayi.

A 1953 aka fara ɗura wannan lemo a Ikko, sunan goro ya komo gida cikin kwalba. Sai dai suna ne kaɗai: a 2011 waɗansu masana a Italiya suka bincika, ba su sami alamar goro a cikinsa ba.

Yau gorar roba tana korar kwalba, masu gwangwan kuma suna kwashe duk ƙarfen da ya faɗi ƙasa a narke. Marfi mai ɓawon itace na kwalaben farko da aka sha a Kano da Kaduna ya yi wuyar gani, sai fa wanda ya maƙale a ƙasan adakar wata tsohuwa.