Kumburin Ruwa da Awon Tankinsa a Gidajen Ƙasashen Sanyi

A ƙasashen da hunturu yake da tsanani, irin su Suwidin da Finlan da Jamus da Ostiriya, mutanen karkara da yawa da itace suke ɗumama gidajensu. Tukunyar ƙarfe ake girkewa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wutar itace ta zafafa ruwan da ke cikinta, sa'an nan ɗan inji ya tura ruwan ta bututu zuwa lagireto da aka kafa a kowane ɗaki, ya saki zafinsa, ya komo tukunya. Abin da za a duba a nan shi ne wani tanki da ake haɗawa da wannan tsari, wanda mai gida bai cika kula da shi ba sai ranar da ya tarar da ruwa yana malala a ƙasa.

Sai an fara fahimtar halin wutar itace tukuna. Tukunyar gas ana iya rage mata wuta ko a kashe ta nan take, amma itace in ya kama sai ya cinye. In kuwa aka toshe masa iska don ya ci a hankali, hayaƙi ne zai yi yawa, kwalta ta daskare a mafitar hayaƙi, itacen ya tafi a banza. Dabarar da aka samo ita ce a bar wutar ta ci sosai na 'yan sa'o'i, a tara zafin a wani ƙaton tanki na ruwa wanda aka lulluɓe don kada ya huce, gida ya riƙa ɗiba a hankali bayan wuta ta mutu. Wannan shi ne rumbun zafi. Dokar Jamus ta 2010 ta ce sabuwar tukunya da ake zuba wa itace da hannu ta kasance da rumbu na aƙalla lita 55 ga kowane kilowat na ƙarfinta, watau tukunya mai kilowat 30 tana bukatar lita 1,650.

To, a nan ne matsala take tasowa. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake yi. Daga digiri 10 zuwa digiri 90 yakan ƙaru da kamar kashi 3.6 cikin ɗari. A buta wannan ba wani abu ba ne, amma a lita 2,000 ƙarin ya kai lita 72. Ruwa kuwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka in bai sami wurin shiga ba, ƙarfe zai tura. Duk direban da ya san 'yar gorar da ke gefen lagireton mota ya riga ya san maganin, watau a ba ruwan wurin da zai shiga in ya kumbura, ya kuma dawo in ya huce. Tankin kumburi ke nan.

Iri biyu ne. Na dā buɗaɗɗe ne, ana ɗora shi a can ƙarƙashin rufin gida, sama da kowane lagireto, kuma awonsa ba wuya, domin masu sana'ar kan ba shi kamar kashi 5 cikin ɗari na dukan ruwan. Aibinsa shi ne iska tana shiga ruwan ta kawo tsatsa, ga kuma haɗarin daskarewa a daren sanyi. Na zamani rufaffe ne, da tantanin roba a tsakiya, ruwa a gefe ɗaya, iska da aka ɗura a ɗaya gefen. Ruwa ya kumbura ya danna robar, iskar ta matsu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna tankin da ƙarfin tukunya, alhali yawan ruwa ne ke yanke hukunci. Na biyu, wanda ya fi ɓuya, shi ne zaton cewa tanki mai lita 100 zai karɓi ruwa lita 100. Ba zai karɓa ba, domin iskar da ke ciki tana riƙe da nata wurin. Tun 1662 Robert Boyle ya nuna cewa in aka ninka matsi a kan iska sau biyu, wurin da ta cika yakan ragu da rabi, kuma da wannan ƙa'ida ake lissafin har yau.

Alal misali, a ɗauki gida mai rumbun lita 2,000, da tukunya mai cin lita 150, da bututu da lagireto masu cin wata lita 150. Jimla lita 2,300. Kumburinsa zuwa digiri 90 lita 83 ne. Ana ƙara rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kamar lita 12, don tankin ya kasance da ɗan ruwa ko a lokacin sanyi, ya zama lita 95. Sa'an nan a koma ga matsi, wanda ake aunawa da ma'aunin da ake kira "bar", kuma bar 1 ya yi daidai da nauyin ruwa mai tsawon kamar mita 10. In lagireton da ya fi kowanne tsawo yana mita 8 sama da tankin, sai a ɗura iska ta bar 0.8 da ɗan ƙari, ta zama bar 1. Bawul ɗin kariya, wanda ke zubar da ruwa in matsi ya yi yawa, a ce a bar 3 yake buɗewa. Ba a so a kai bakinsa, don haka a tsaya a 2.5. A kowane adadi sai a ƙara bar 1 na iskar duniya, su zama 2 da 3.5. Iskar za ta takure ta koma kashi 57 cikin ɗari na tankin, ruwa ya sami kashi 43 kacal. Lita 95 ke nan tana bukatar tanki na kamar lita 221, kuma da yake ba a sayar da wannan awo, sai a sayi mai lita 250. Da a ce bawul ɗin na bar 2.5 ne, aka tsaya a 2, da sulusin tankin kaɗai ruwa zai samu, bukata ta tashi zuwa lita 285. Ɗan tankin da ke zuwa cikin tukunyar gas ta bango kuwa yawanci bai wuce lita 8 zuwa 12 ba, shi ya sa mai gidan da ya saba da shi yakan ɗauka mai aikin famfo cutarsa zai yi.

Ɓarnar ƙaramin tanki a hankali take zuwa, abin da ya sa ta fi muni. Duk ranar da aka hura wuta bawul ya zubar da ruwa. Da dare rumbu ya huce, matsi ya faɗi, iska ta shiga lagireton sama, ɗakunan sama su yi sanyi. Da safe mai gida ya buɗe famfo ya cika, yana ganin ya gyara, alhali sabon ruwan ya zo da iskar da ke ciyar da tsatsa da kuma allin da ke daskarewa a jikin tukunya. Haka za a yi ta yi har ƙarfe ya huje.

Game da wurin haɗawa, an fi son bututun da ke dawo da ruwa mai sanyi, domin zafi yana tsofar da roba. Iskar kuma takan zurare da kaɗan-kaɗan, saboda haka sau ɗaya a shekara ake raba tankin da sauran bututu, a zubar da ruwan cikinsa, a gwada iskar ta ɗan bawul irin na tayar mota, in ta ragu a ƙara.