Hukuncin Ɗaukar Mai Hidima Domin Iyayen Da Suka Tsufa

Akwai wata tambaya da ta yawaita a majalisinmu, galibi daga ma'aikatan Gwamnati waɗanda canjin wurin aiki ya kai su Abuja ko Ikko, da 'yan kasuwa masu kwana a hanya. Tsoho ya kwanta, ko shanyewar ɓarin jiki ta kama tsohuwa, ɗa kuwa ba ya gari. Shin ya halatta ya ɗauko bare ya biya shi lada domin ya kula da su, ko kuwa yin haka saɓa wa iyaye ne?

Da yawa suna yin tambayar nan kansu a sunkuye, domin tsoron bakin dangi. To, mu dai abin da muka karanta a gaban malamanmu shi ne, Shehu Halilu, a babin ciyarwa na Muhtasar, ya wajabta wa ɗa mawadaci ciyar da iyayensa matalauta, sa'an nan ya haɗa da ciyar da mai yi musu hidima. Watau Shari'a ta riga ta san tsoho yana bukatar hannu, ta kuma ɗora nauyin hannun nan a aljihun ɗansa. Idan 'ya'yan suna da yawa, zance mafi rinjaye a mazhabar Malikiyya shi ne a raba gwargwadon wadatar kowa, mace mai dukiya ma tana ciki. Saboda haka ba daidai ba ne attajirin Kantin Kwari ya ce sai an yi raba daidai da ƙanensa malamin firamare.

Abin da ya fi damunmu shi ne dabarar da mutane suke yi don gudun kashe kuɗi. Sai mutum ya kawo mahaifiyarsa ya ajiye wa matarsa, ya sa kai ya fice, alhali kuwa masu sharhin Muhtasar sun bayyana cewa hidimar iyayen miji ba ta wajaba a kan mace ba. In ta yi, alheri ne, a gode mata, a kuma saka mata. In aka tilasta ta, ga goyo ga girki ga jinya, ƙarshenta tsohuwar ce za ta sha ɗacin abin a lokacin da babu mai gani. Wani kuma yarinya 'yar shekara 12 zai sa a kawo masa daga ƙauye, wadda ba ta iya ɗaga babba, ba ta iya karanta sunan magani, an kuma raba ta da makaranta. Wannan zalunci biyu ne a lokaci guda.

Wanda za a ɗauka lalle ya zama baligi mai hankali, namiji ga uba, mace ga uwa, domin jinya tana kai wa ga al'aura da kaɗaita a ɗaki. A bincika halinsa wajen limamin unguwarsu da mai unguwa, kada a dogara ga dillali kaɗai. A gwada shi mako guda ana kallo: ya san lokacin maganin hawan jini da na ciwon suga? Ya san wanda ba ya iya motsi ana juya shi kamar kowace awa 2, don kada gyambo ya fito masa a baya da ƙugu? Ya san tsarki, zai taimaka wajen alwala ko taimama, ya fuskantar da mara lafiya alƙibla? Mun sha ganin tsohon da bai taɓa barin sahun farko ba, ya wayi gari salla tana wuce shi don ba wanda ya miƙo masa buta.

Game da lada, ijara ba ta inganta sai an san aikin, an san ladan, an san wa'adin. A rubuta, a kafa shaidu, a faɗi ranar hutu. A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000. Ko da dokar ba ta hau kan mai ɗan aiki ɗaya ba, ma'auni ce da mai tsoron Allah zai duba. Hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito yana umurni da gaggauta biyan ɗan ƙwadago, mai jinyar da ake bin sa bashin wata uku kuwa ba a sa ran zai tashi tsakar dare da sakin fuska.

Sai dai a lura, aya ta 23 da ta 24 na Suratul Isra'i da ɗa suke magana, a kan iyayen da tsufa ya riske su a wurinsa. Ana ba da ijarar wanki da wanka da dafa kunu, amma tausasa harshe da ziyara da addu'a suna nan a wuyan ɗan. Ma'aikaci ya tsara hutunsa na shekara a kan wannan, ɗan kasuwa ya riƙa biyowa ba tare da sanarwa ba. In ya zo, ya sallami mai hidima na ɗan lokaci, ya zauna da tsohonsa su biyu, ya duba bayansa da shimfiɗarsa da idonsa, ya ƙirga ƙwayoyin maganin da suka rage, sa'an nan ya tambaye shi a hankali yadda ake yi da shi.