Gulab Jamun: Alkakin Indiyawa Da Ya Kusa Kunyata Ni Ranar Lefe

Na san da yawanmu mun sha gani a finafinan Indiya, da zarar an sa ranar aure ko yaro ya ci jarrabawa, sai a fito da faranti a dinga tura wa juna kayan zaƙi a baki. Al'adarsu ce, labari mai daɗi sai an bi shi da zaƙi. To cikin farantin nan da wuya ki rasa wasu 'yan dunƙule-dunƙule jajaye suna ninƙaya cikin ruwan sukari. Sunansu gulab jamun. Gulab kalmar Farisanci ce, ma'anarta ruwan wardi, jamun kuma wani ɗan itace ne na Indiya mai kama da ɗinyarmu. Suna yinsa a biki da Sallah da bikin Diwali, haka ma a Pakistan da Bangaladash da Nefal.

Ni dai bakina ne ya ja mini. Ana saura kwana biyu a kawo lefen yayata, na bugi ƙirji gaban su Inna na ce ban da cincin da dubulan, ni zan yi wa baƙi abin da ba su taɓa ci ba. Sau ɗaya tak na ga Goggona ta yi, ita da ta yi wata huɗu a Delhi tana jinyar maigidanta. Na kwashe 'yan kuɗin adashena na sayo madarar gari, na murje ƙullin kamar na burodi, na zuba a mai yana hayaƙi. Tirƙashi! Waje ya yi baƙi ƙirin, ciki kuwa ɗanye, ga tauri kamar goriba. Ƙannena suka dinga sheƙa dariya, ni kuwa na shige ɗaki hawaye shaɓe-shaɓe.

Da sassafe na isa gidan Goggo da sauran madarar a leda. Ta latsa guda ɗaya, ta yi murmushi ta ce, "'Yar nan, ai wannan abu ba ya son ƙarfi, ba ya son sauri. Ɗauko kujera ki zauna."

Ta ce su can da khoya suke yi, wato madarar shanu da ake dafawa a hankali ana juyawa har ruwanta ya ƙone ta dunƙule. Mu da ba mu da ita, madarar gari mai maiƙo ta wadatar.

Ga abin da za ki tanada: madarar gari kofi 1, fulawa kwatan kofi, bekin hoda rabin ƙaramin cokali, man shanu soyayye babban cokali 2, madarar ruwa cokali 4 zuwa 5, da man suya. Na ruwan zaƙi kuma: sukari kofi 2, ruwa kofi 2, kadamon ƙwaya 4 (irin mai koren ɓawo da Larabawa ke sa wa gahawa), ruwan wardi ƙaramin cokali 1, da ɗigon lemon tsami.

Fara da ruwan zaƙin. Ki haɗa sukari da ruwa da dakakken kadamon, su tafasa kamar minti 7. Ki ɗiga kaɗan a faranti, in ya sha iska ki taɓa. In kin ji danƙo-danƙo ya yi, ki sauke. Kada ki bari ya yi kauri irin na alkaki, don in ya yi kauri ba zai ratsa ciki ba. Lemon tsami shi ke hana sukarin komawa ƙanƙara. Ruwan wardi sai bayan kin sauke, don wuta na korar ƙamshinsa.

Sai ƙulli. Ki haɗa madarar gari da fulawa da bekin hoda, ki murtsuke su da man shanu, sannan ki dinga zuba madarar ruwa kaɗan-kaɗan kina tattarawa da 'yan yatsu. Nan ne na yi kuskuren farko: murza fulawa da yawa na sa ta yi danƙo, shi ke kawo tauri. Ki rufe minti 10. Ki shafa mai a tafin hannu, ki mulmula ƙanana, kamar guda 15, don za su kumbura. Ki duba da kyau kada a sami tsaga, mai tsaga fashewa yake a mai.

Kuskurena na biyu wuta. Ki rage ta sosai. Ki jefa ɗan gutsuren ƙulli a mai. In ya nutse ya ɗan jima sannan ya taso a hankali, zafin ya yi daidai. In ya taso nan take yana ja, ki sauke man ya huce. Ki dinga juya su da matsami a hankali har minti 8 zuwa 10, su yi ja ko'ina. Ki tsame, su tsane minti ɗaya, ki zuba cikin ruwan zaƙi mai ɗumi, ba mai tafasa ba, ba kuma mai sanyi ba. Ki bar su awa 2 ko fiye.

Da na leƙa tukunyar bayan azahar, na tarar sun sha ruwa sun yi ɓul-ɓul, cokali na shiga kamar cikin auduga. Ranar lefe kuwa, wata dattijuwa cikin dangin ango ta cinye biyu, ta miƙo kwanon ta ce, "Hajiya, wace ɗiyar taku ce mai wannan hannu? A ƙulla mini na kai wa Alhaji." Inna ta nuna ni, na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi, Goggo kuwa tana gefe tana ƙunshe dariya.

Shawarata gare ki 'yar uwa, kada ki fara gwaji ranar da baƙi za su zo. Ki gwada da rabin awo tukuna, madara da tsada. In ya rage, ki sa a firji cikin ruwan zaƙinsa, ki ɗan ɗumama kafin ci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.