Ƙafar Roba: Kada Ki Daure wa Ciwo

Uwargida, in ke ko ɗiyarki na sa ƙafar roba, ki sani dungu yakan motse a watannin farko bayan yankewa, sai ƙafar ta yi sako-sako. Kada ki cusa tsumma. Ƙara safar dungu mai tsabta, ki miƙar da ita sumul.

Kowane dare ki wanke dungun da sabulu, ki tsane shi, ki duba da madubi. In tabo ya wuce minti 20 bai baje ba, ko bororo ya fito, ajiye ƙafar, ki nemi masu gyaranta, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Mai ciwon sukari, kada ki bari ya kwana: ƙaramin gyambo kan jawo sabon yanka.