Yadda Ake Auna Ƙoƙarin Ƙasashe Wajen Kula da Muhalli

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano zai gaya maka cewa kududdufai suna raguwa, ana cike su da shara ana yin gini a kai. Amma da za ka tambaye shi da nawa suka ragu, kuma daga wace shekara, to magana ta koma hannun masana ƙididdiga. Su kuwa za su nemi hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru daban-daban, amma na wata guda, domin kududdufin watan Agusta ba shi ne na watan Maris ba. Wannan ƙa'ida, wato gwada abu da irinsa, ita ake bi wajen auna ƙasashe sukutum.

Tun daga 2006 jami'o'in Yale da Columbia na Amurka suke fitar da wani ma'auni, EPI a taƙaice, duk bayan shekara biyu. Ana tattara alƙaluma a kan tsabtar iska, da ruwan sha, da dazuzzuka, da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Da yake kowanne da irin awonsa, wani da tan wani da hekta, sai a mai da su maki daga 0 zuwa 100, a ba kowanne nauyinsa, sannan a haɗa. Haka malami yake yi idan ya ba jarrabawa kaso 70, aikin aji kaso 30.

To, ga inda gizo ke saƙar. A 2018 Nijeriya ta zo ta 100 cikin ƙasashe 180, a 2020 kuwa ta 151. Mai karatu zai zaci muhallinmu ya rushe ne cikin shekara biyu. Alhali a tsakanin nan abubuwan da ake aunawa sun ƙaru daga 24 zuwa 32, an kuma sauya nauyinsu. Wanda ya auna geronsa da mudu bara, bana ya auna da tiya, ba shi da bakin cewa noma ya yi baya. Saboda haka masu ma'aunin sukan ɗauko alƙaluman shekara goma da suka wuce, su sake lissafa su da sabuwar hanyar, daga nan ne ake gane ƙasar da ta ci gaba da wadda ta koma baya.

Matsayi ma kansa yana ruɗi, domin ƙasa tana iya gyara ruwanta da iskarta, amma ta sauko a jeri, saboda kawai wasu sun fi ta sauri.