Gwajin da Ba Ya Tsayawa a Kan Magana Ɗaya

Kafin a saki manhajar kwamfuta ga jama'a, masu rubuta ta sukan tanadi wasu ƙananan manhajoji don su gwada ta. Kowane gwaji yakan ba manhajar aiki, ya kwatanta amsarta da amsar da ta kamata, sa'an nan ya yanke hukunci, ko ta ci ko ta faɗi. Bisa ƙa'ida, muddin ba a sauya ko harafi ɗaya ba, hukuncin yau shi ne na gobe. Amma akwai gwajin da kan ce an ci da safe, da rana kuma ya ce an faɗi, alhali ba a taɓa kome ba.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A shekarar 2016 kamfanin Google ya bayyana cewa kusan kashi 16 cikin ɗari na gwaje-gwajensa suna da wannan hali. A 2014 kuwa, masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka sun nazarci gyare-gyare 201 da aka yi wa irin waɗannan gwaje-gwaje, suka gano manyan dalilai uku. Na farko shi ne jira: gwaji ya nemi amsa, ya dakata daƙiƙa biyu alal misali, ya duba, ranar da na'ura ta yi nauyi amsar ta makara, sai ya faɗi. Na biyu shi ne rige-rige, watau sassa biyu na manhaja su nufi bayani ɗaya lokaci guda, sakamakon ya dogara ga wanda ya riga isa. Na uku shi ne jeri, inda wani gwaji kan bar saura a ma'ajiyar bayanai, na bayansa ya yi tuntuɓe da shi.

Mai neman bakin zaren yakan fara da maimaita gwajin sau ɗaruruwa, yana rubuta lokaci da na'ura da jerin da aka bi duk sa'ad da aka faɗi. Daga nan sai ya gudanar da gwajin shi kaɗai, ya kuma hargitsa jerin. Idan hukunci ya sauya, to laifin na jeri ne. Idan faɗuwar ta ƙaru da aka ɗora wa na'ura nauyi da gangan, sai a tuhumi jira ko rige-rige. Maganin jira shi ne gwaji ya saurari isowar amsar kanta, ya bar ƙidayar daƙiƙoƙi. Sai dai aikin na bukatar haƙuri, domin ƙara umarnin sa ido kan jinkirta manhajar har kuskuren ya ɓuya.

Hanya mafi sauƙi ita ce a yi ta maimaita gwaji har ya ce an ci, kuma ita ce mafi haɗari, domin wani lokaci gwajin gaskiya ya faɗa, aibin yana cikin manhajar. Tsakanin 1985 da 1987, na'urar Therac-25 ta gashin cutar daji ta antaya wa majiyyata shida tururin radiyeshon fiye da kima a Amurka da Kanada, wasunsu suka rasu. Ɗaya daga cikin musabbaban shi ne rige-rigen da ba ya bayyana sai ma'aikaci ya gyara umarni cikin daƙiƙa takwas. Saboda haka injiniyoyi ke keɓe gwaji mai sauya magana, su bi sawunsa har sai an san dalili.