A Ji Muryar Na Nesa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana malamai da akawuna magana kan taron da ake yi kowace shekara don shawarar yadda za a tafiyar da intanet.

Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta kafa shi bayan taron Tunis na 2005, aka fara zama a Atina a 2006. Taron ba ya yanke hukunci, shawara kaɗai ake yi, amma gwamnatoci da kamfanoni suna halarta. An kuwa buɗe ƙofa ga wanda ba shi da kuɗin jirgi, ya shiga daga gida ta waya ko kwamfuta, ya saurara, ya aika da tambaya. A 2020, saboda annoba, duk ta haka aka yi shi.

To, jama'a, ku duba wannan. A watan Satumba na 1921 ba mu san waya ba, amma a Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da Kurfi, maƙwabtanmu. Sai a Disamba aka fara buɗewa, a makon da ake wannan taro a Katowice ta ƙasar Polan. Mutanen da suka fi kowa sanin zafin rashin intanet su ne ba su da hanyar faɗa.

Ni kaina na taɓa shiga wani taro irin wannan daga nan Kafinsoli. Na sayi data, na kai waya caji, na rubuta tambayata da Turanci. Shugaban zama ya ba na cikin zaure dama ɗaya bayan ɗaya, lokaci ya ƙare, ba a karanta tawa ba. Wa zan tuhuma? Na zaure yana iya tare mutum a bakin ƙofa, na nesa kuwa sai haƙuri.

Shawarata uku ce. Na farko, a riƙa karɓa-karɓa, tambaya ɗaya daga zaure, ɗaya daga nesa. Na biyu, duk tambayar da ba a kai gare ta ba a rubuta ta cikin rahoton taro, a amsa ta daga baya, kowa ya gani. Na uku, tun da fassarar manyan zama cikin harsuna shida na Majalisar ake yi, ba Hausa, mu malamai mu taru wuri guda a Kankiya, mai jin Turanci ya fassara, mu aika da magana da baki ɗaya. Wakilan ƙasarmu kuma in sun dawo, su gaya mana abin da suka faɗa da sunanmu.

Allah ya ba mu sa'a, amin. Wassalam.

Naka,
Wani Malamin Makaranta,
Kafinsoli.